Suɗin 'Yar Fari

Duk wanda ya taɓa zaman jiran motar Tsafe ta cika a tasha a Gusau ya san Luba mai zogale, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai fanteka biyu da bokitin ruwa, wadda ta shekara ashirin tana zama a gindin darbejiya kusa da masu faci. Kwaɗonta ba ya canzawa. Zogale dunƙule biyu, garin ƙuli cokali biyu, man gyaɗa cokali ɗaya, albasa yanka huɗu, tumatir yanka uku, barkono kuwa gwargwadon yadda ta ga fuskarka. Direbobi sun daɗe da daina cewa ta ƙara, don sun san hannunta ba ya wuce inda ya saba tsayawa.

A Karakkai aka haife ta, ƙasar Bungudu, ita ce 'yar fari a ɗakin Inna Sa'adatu. A gidajen da suka riƙe al'ada, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta ma yarda a kama ta tana kallonsa. Inna Sa'adatu kuwa ta riƙe wannan kunya da hannu biyu. Luba ta tashi sunanta a bakin uwarta “waccan”. In za a aike ta, sai Inna ta dubi bango ko ta dubi turmi ta ce, “A ce wa waccan ta ɗebo ruwa,” alhali daga ita sai Luba a tsakar gidan. Ƙannenta biyu, Sadiya da Mas'udu, su ake goyo, su ake yi wa waƙa. Luba ba ta taɓa ɗaukar abin a matsayin ƙiyayya ba, haka ta ga ana yi wa kowace 'yar fari a layinsu. Amma ta girma ba ta san yadda dariyar uwarta take daga kusa ba.

An kai ta aure Wonaka, gidan wani manomi Shu'aibu, mutum mai sanyin hali. Ta haifi shida, huɗu suka tsaya. Shu'aibu ya kwanta ciwo damina guda ya rasu, kuma a daidai lokacin ne zuwa gona ya fara zama abin da ake yi da faɗuwar gaba saboda ɓarayin daji. Ta tattara yara da tukunya biyu ta shigo Gusau, ta kama ɗaki a Tudun Wada. Abin da ta iya shi ne ganye, don haka ganyen ta kama. Da shi ta aurar da mata uku, da shi namijin ya koyi walda ya tafi nasa neman. Ita kanta ba ta cin kwaɗon da take sayarwa. Wanda ya wuni yana zage zogale, ya kwana da warinsa a hannu, ba shi da sha'awarsa a baki. Abincinta shinkafa da mai da yaji, sai shayi mai sukari cokali uku.

Inna Sa'adatu kuma, bayan rasuwar mahaifinsu, tana Tsafe wajen Mas'udu, wanda ke jan motar haya tsakanin Tsafe da Gusau. A can mantuwar ta fara. Ta zuba gishiri sau biyu a miya. Ta yi sallar azahar, ta shafa addu'a, ta tashi ta sake tayar da ita. Aka ce tsufa ne, aka yi dariya. Ranar da aka tsince ta a bakin titi da faifai a hannu tana tambayar mutane hanyar rijiyar Karakkai, ranar aka daina dariya. Matar Mas'udu tana da ƙananan yara huɗu da goyo, ba ta da idon da za ta ajiye a kan tsohuwa. Luba ta hau motar ƙanenta ta je ta ɗauko uwarta da akwatinta da jeren kwanoninta na samira, ta shimfiɗa mata gadon, ita ta koma tabarma.

A asibiti, malamar da ta duba tsohuwar ba ta yi wa Luba kwana-kwana ba. Ta ce jininta ya hau sosai, kuma irin wannan mantuwa ba a warkar da ita. Ta ba da ƙwayoyin hawan jini, sannan ta ce abinci ma yana da nasa aiki.

“Ki rage mata gishiri da kitse da sukari,” in ji ta. “Ki yawaita ganye. Zogale, rama, alayyahu, duk wanda kika samu. Wake, gyaɗa, riɗi, kabewa. Gero da dawa kada a surfe su tas, a bar musu dusarsu. Ban ce zai dawo mata da tunani ba, Hajiya, kada ki fita ki ce na ce. Amma jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa sun fi son irin wannan cimar.”

Luba ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Ta ce, “Malama, ai kayan sana'ata ne kinka lissaho kaf.”

Ta fito asibitin da ƙarfinta. Tun da aka fara maganar ciwon nan kowa ke cewa sai addu'a, yau ga wani abu da hannu zai iya kamawa, kuma hannun nata ne. Kafin su isa gida ta gama tsara komai a kanta. Da safe kunun gyaɗa da dabino biyu a madadin sukari. Da rana kwaɗon zogale, ƙuli cokali biyu, soyayyen riɗi cokali ɗaya, gishiri ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka. Da yamma faten wake da kabewa, ko dambun gero da rama. Ta daina saka dunƙulen miya, ta koma daddawa. Da damina ta zauna, tafasa ta fito a bayan gari ko'ina, kore shar, ba mai ce maka don me. Luba ta ga ganye na huɗu kyauta, ta ɗebo ta tafasa ta zubar da ruwan farko ta kwaɗa da ƙuli. Ta yi kyau har maƙwabciyarta ta roƙi loma.

Akwai kuma wani abu da ciwon ya kawo wanda Luba ba ta faɗa wa kowa ba. Inna Sa'adatu ta daina gane ta. Ta ɗauke ta Asiya ce, ƙanwar ita Inna da ta rasu tun Luba tana budurwa. Ita kuwa Asiya ba a jin kunyarta. Sai ga tsohuwa tana jawo hannun Luba tana cewa, “Zo nan, Asiya, zauna in ba ki labari.” Ta ba ta labarin ranar da aka kai ta ɗakin miji, jakin da ya ɗauko kayanta ya ƙi tsallake rafi. Ta ba ta labarin yadda mahaifinsu Luba, mutumin da duk gari ke shakka, ya taɓa hayewa kan turmi saboda kunama. Tana faɗa tana dariya har da riƙe ciki, haƙoranta uku na gaba a waje. Luba tana da shekara hamsin da 'yan kai ta fara ganin yadda idon uwarta ke ƙanƙancewa in tana dariya. Ran farko ta ce, “Inna, ni ce Luba.” Tsohuwar ta rikice, ta kama neman takalmi. Daga ranar Luba ba ta sake gyara mata ba. In ta dawo daga tasha ƙafafu a kumbure, ta yi sallah, sai ta zauna a bakin gado ta zama Asiya. Duk wunin wannan zaman take jira.

Abinci kuwa kwano yana dawowa wanke tas. In ta ajiye, tsohuwar takan ce, “Aje nan, sai an jima,” Luba ta fita ta ba ta wuri, don dama Inna ba mai ci a gaban mutane ba ce. Na rana takan rufe ta bar wa maƙwabciya ta miƙa. Kwano uku a wuni, ukun duka babu komai a ciki. Luba ta riƙa gaya wa Mas'udu a waya cewa Inna tana ci kamar mai noma.

Munduwa ce ta fara tona maganar. Inna Sa'adatu tana da munduwar tagulla a hannun hagu wadda ba ta taɓa cirewa ba. Lokacin da ta zo Gusau, in ta ɗaga hannu munduwar takan tsaya yatsa uku sama da wuyan hannu. Luba mai lura da irin wannan ce. Wata rana wajen alwala ta ga ta wuce tafin hannu guda. Da aka shiga marka sosai, tsohuwar ta ɗaga hannu za ta gyara kallabi, munduwar ta zarce har gwiwar hannu ta tsaya. Zanin da ke zagaya ta sau ɗaya da rabi ya koma sau biyu. In ta tashi tsaye sai ta dafa bango. Luba ta ƙara ƙuli, ta ƙara mai, ta ƙara yawan faten. Kwano ya ci gaba da dawowa wanke, tsohuwa ta ci gaba da ƙarewa.

Wata safiya tana shara ta ga layin kiyashi ya taso daga bakin ƙofa ya shige ƙarƙashin gado. Ta durƙusa ta jawo jeren samirar nan, ta buɗe ta sama. Wari ya buge ta. Ƙulli ne ƙanana a cikin tsummokaran tsohon zani, an jera su uku uku. Ta kwance ɗaya, kwaɗon jiya ne. Ta kwance wani, dambu ne ya yi funfuna. Samira ta biyu haka, ta uku haka, na ƙasa sun zama baƙi sun manne da kwanon. Akwai wasu a cikin rigar matashi, wasu a akwati a tsakanin kayan sallah. Luba da ba ta taɓa fara ƙirga abu ta bari ba, ta kai arba'in ta tsaya.

“Kak ki taɓa,” in ji tsohuwar daga kan gado. Muryarta a tsaye take, ba irin ta mai ruɗewa ba. “Na yara ne.”

“Waɗanne yara, Inna?”

“Waɗanne yara gare ni? Mas'udu da Sadiya da waccan.” Ta matso ta rage murya. “Asiya, mi za ki ɓoye mani? Ina da ido. Gidan da anka kai ga tafasa safe da marece, rumbunsa ya bushe. Ni na ci zamanina. Su ne ba su iya haƙuri.”

Luba ta zauna a ƙasa da ƙullin a hannu. Sadiya ta rasu tana shekara shida, ƙyanda ta ɗauke ta. Mas'udu yana da furfura a gemu. Amma ta gane shekarar da uwarta take ciki, don ita ma ta yi ta. Tana 'yar shekara goma ruwa ya ɗauke gero yana bununi, rumbuna suka ƙare tun kafin wata damina, gari duka ya koma cin tafasa da dusa. A wajen malamar asibiti ganye abincin ƙwaƙwalwa ne. A wajen Inna Sa'adatu ganye sau biyu a wuni, babu tuwo, babu ɗigon nama, sunansa yunwa. Duk abin da Luba ta yi wata da watanni tana aunawa da cokali, tsohuwar ta karanta shi sarai, ta yi abin da ta yi a wancan karon.

Luba ba mai zama da matsala ba ce. A ranar ta daina kwaɗa tafasa. Hakan bai canza komai ba. Ta tuƙa tuwon dawa da miyar kuka, aka ƙulle shi uku. Ta yi hayar mai baro ya kawo buhun gero har tsakar ɗaki, ta kwance bakin ta zuba hannun tsohuwar a ciki.

“Ga hatsi nan, Inna. Buhu guda, cike.”

Tsohuwar ta murza geron a tafin hannu, ta shinshina, ta mayar har ƙwayar da ta maƙale a yatsa. “Wanga iri ne. Ɗaure shi. In munka ci iri, mi za mu shuka?”

Ranar Juma'a Mas'udu ya shigo da balangu a takarda, mai ya jiƙe ta. Luba ta riga ta gaya masa komai a waya, kuma tun daga bakin ƙofa ta ga ya zo da maganarsa a shirye.

“Yaya, ai dole. Kin maida tsohuwa akuya. Ganye da safe, ganye da rana, ganye da marece. Ni ma in kinka yi mani haka ɓoyewa zan yi.”

“Akuya ba ta da hawan jini. Kai da ka ciyar da ita kitse shekara bakwai, ga inda ka kawo ta.”

“Aƙalla a gidana tana da kumatu.”

“A gidanka anka tsince ta bakin titi.”

Luba da kanta ta ji ta wuce wuri. Ta karɓi takardar ta juye a faranti ta ce, “Kai mata. In ta ci, wallahi kullum ni zan saya, malamar asibiti ta yi haƙuri.”

Ya durƙusa gaban gadon ya ce, “Inna, ga nama.”

Tsohuwar ta dubi farantin, ta dubi mutumin da ba ta sani ba, ta juya wajen Luba. “Jar akuyar kunka yanka?”

“Ba a yanka komi ba, Inna, saye na yi,” in ji Mas'udu.

“Malam, ba da kai nike ba.” Idonta yana kan Luba. “Ita kaɗai ta rage mai nono, Asiya. Mas'udu da mi zai sha kunu?”

Hawaye suka zubo mata ba tare da sauti ba. Ta jawo gefen zaninta ta yage, ta kasa naman uku, ta fara ƙullawa. Mas'udu ya tashi ya fita tsakar gida. Luba ta same shi tsaye yana kallon igiyar shanya, makullin mota a hannu. Ya ce a mayar da ita asibiti a saka mata ƙarin ruwa. Suka kai ta, aka saka mata leda biyu. Malamar ta ce ruwa ba abinci ba ne, in ba a samo abin da zai sa ta ci da bakinta ba, ƙarfinta ba zai kai kaka ba.

Kwanakin da suka biyo baya Luba ba ta fita tasha ba. Ta gwada ba ta a baki, tsohuwar ta datse haƙora. Ta gwada faɗa, ta gwada lallashi, ta gwada cewa malam ya ce haramun ne mutum ya kashe kansa da yunwa. Abin da ke shiga cikin tsohuwar bai wuce kurɓi huɗu ko biyar na kunu ba, shi ma don ba ya ƙulluwa a tsumma. Hirar ce kawai ba ta tsaya ba. Tana kwance, murya ta shige, tana ba Asiya labarin jaki da rafi.

Wata hantsi Luba tana zaune a tsakar gida tana zage zogale, don hannu ya saba ko ba za a sayar ba, sai maƙwabciyarta ta fara kankare ƙanzon tukunya da cokali. Ƙarar ta tsaya wa Luba a kunne. Ta san irin wannan ƙarar, amma ta ƙwarya ce, da yatsa. A shekarar yunwar nan, Inna takan ajiye musu ƙwaryar tafasa su uku, ta koma gefe ta juya baya tana tsinkar wani abu. Sai sun ce sun ƙoshi sun fita, sannan daga bayan zana Luba takan ji ana suɗe ƙwarya. Ta bi shekarun da ta yi a gidan ɗaya bayan ɗaya tana nema, ko da rana guda da ta ga uwarta ta sa hannu a cikakken kwano. Ba ta samu ba. Ta daɗe tana ɗauka kunya ce. Inna ba ta cin abinci sai suɗin yara, kuma a ɗakin nan na Tudun Wada babu yaron da ya taɓa ci ya rage mata. Asiya ce kawai ke shiga da fita.

Ta ajiye zogalen ta kira Mas'udu.

“Ka ci abinci?”

“Yanzu na tashi daga kan waina. Lafiya?”

“Ka ƙoshi?”

“Yaya, mi ya faru?”

“Ba komi. So nike in na faɗa ya zama gaskiya.”

Ta dafa wake da kabewa, ta zuba zogale dunƙule biyu a kai, riɗi cokali ɗaya, mai cokali ɗaya. Ba ta zuba a kwanon tsohuwar ba, ta ari ƙwarya wajen maƙwabciya. A bakin ƙofa ta tsaya ta cire hijabi, ta cire takalmi. Tana shiga tsohuwar ta ɗago kai ta ce, “Yawwa Asiya, zo ki ji, na tuna sunan mai jakin.”

Luba ta so ta ji sunan. Ta tsaya da ƙwaryar a hannu, bakin gadon yana nan inda ta saba zama. Sai ta wuce shi, ta je dab da ƙofa inda yara ke zama, ta sauka ƙasa ba tabarma, gwiwoyinta suna ƙara. Ta miƙe ƙafafu, ta ajiye ƙwaryar a tsakani, ta sunkuyar da kai.

“Inna, yunwa nika ji.”

Maganar mai jaki ta tsaya. Luba ba ta ɗago ba, amma ta gefen ido ta ga tsohuwar ta daɗe tana kallonta. Daga nan ta ga fuskar ta rufe, dariyar ta koma inda take ɓoye shekara hamsin. Inna Sa'adatu ta yunƙura ta zauna, ta gyara kallabi, ta juya fuska ga bango.

“A ce wa waccan ta wanke hannu.”

Luba ta wanke hannu. Ta yi bisimilla ta kai loma. Warin zogalen ya taso mata, ta danne ta haɗiye.

“Ƙannenta fa?” in ji tsohuwar, da bangon take.

“Mas'udu ya ci ya ƙoshi.”

“Sadiya?”

Luba ta tauna abin da ke bakinta a hankali. “Sadiya ba ta jin yunwa, Inna.”

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Luba ta ci loma bakwai daga gefe guda, ta bar fiye da rabi, ta ture ƙwaryar ta ce ta ƙoshi.

“Ta ƙara biyu.”

Ta ƙara biyu. Ta tashi da ƙyar, ta fita ta saki labule, ta jingina da bango a waje. Maƙwabciya ta buɗe baki za ta yi magana, Luba ta ɗaga mata hannu. An daɗe babu motsi, har ta fara tunanin yanzu za ta ji ana yaga zani. Sai ta ji an jawo ƙwarya a kan siminti. Can kuma ta ji yatsa yana bin gefenta.

Haka ake yi har yau, sau uku a wuni. Luba ba ta isa tasha sai motocin safe sun tashi, kuma dole ta rufe fanteka da azahar ta hau babur ta dawo ta zauna a ƙasa ta ce tana jin yunwa, sannan ta koma tasha. Gindin darbejiyar wata mai awara ta gaje shi, ita tana rakuɓe a jikin katanga inda inuwa ba ta kaiwa sai la'asar. Fanteka biyun sun koma ɗaya. Zogalen da ta shekara ashirin ba ta kai bakinta ba, yanzu shi ne safe da rana da yamma, shi da rama da wake da riɗi, don abin da ta rage shi tsohuwar za ta ci. Malamar asibiti ta auna su duka biyu ta ce jinin Luba ma ya sauka, ita da ba ita aka kawo ba. Mas'udu in ya zo ranar Juma'a yakan leƙo ya ce, “Ina akuyoyin gidan nan?” sannan ya ajiye ƙullin gyaɗa ko kabewa a bakin ƙofa.

Ba kullum abin ke ci ba. Wata rana tsohuwar takan kafe sai waccan ta cinye duka, Luba ta cinye, ta sake zubo wani ta sake zama. Wata rana ba ta gane kowa, ba Asiya ba waccan, sai a koma kunu. Munduwar ta sauko daga gwiwar hannu, tana tsayawa tafin hannu guda sama da wuyan hannu, ta ƙi ƙarasawa inda take da. Tunanin bai dawo ba. Ta fara manta raka'o'in magariba.

Hirar kuma ta ja baya. Tunda waccan take shigowa sau uku a wuni, tsohuwar ta fi ganin waccan, ko da Luba ta saka hijabi ta zauna a bakin gado. Sai ta juya wa bango fuska. Sunan mai jakin bai sake tasowa ba.

Bayan an yi girbi, wata la'asar Luba ta dawo daga tasha ta zube a bakin gadon tana matsa ƙafarta, sai ta ji an dafa mata hannu.

“Asiya, kwana biyu ina kinka shiga?”

“Ina nan, Yaya,” in ji Luba.

Tsohuwar ta leƙa ƙofa ta tabbatar ba kowa, ta matso da bakinta kusa da kunnen Luba. “Yarinyar nan tawa, babbar. Ba ta ci. Kullum sai ta rage fiye da rabi ta ce ta ƙoshi, ta ɗauka ban gane ba. Don ni take ragewa.” Ta juya munduwarta. “Tun tana ƙarama haka take, ba ta iya ganin abu bai daidaita ba. Ni ba ni iya ce mata. Ke ki riƙa ce mata ta ci.”

“To, zan gaya mata.”

“Kak ki ce ni na ce.”

“Ba zan ce ba.”

Tsohuwar ta koma ta kwanta. Luba ta ɗan ƙara zama, hannun uwarta a kan nata, har aka kira sallah. Ta zare hannun a hankali ta fita, don waken yamma yana jiƙe tun azahar, ba a ko hura wuta ba.